Shagon mai a Kasuwar Rimi inda kowane mai ke amsa sunansa

A Kasuwar Rimi ta Kano akwai wani shagon mai da nake so in yi bayaninsa ga mata masu girkin sayarwa irina, da ma duk wanda cefanen gida yake wuyansa. Shago ne ƙarami marar allon suna. Mai shi dattijo ne da kowa ke kira Alhaji, yaransa biyu su ke awo. Ba ya sayar da komai sai dangin mai: na gyaɗa, manja, man shanu, man kaɗe, man riɗi, alayyadi, bota ta bokiti da ta ƙaramin gwangwani, sai jarkokin man kamfani jere a bakin ƙofa. Ni sana'ata kayan gara da abincin biki, alkaki da dubulan da cincin da nakiya da dambun nama, saboda haka man girki shi ne rabin jarina. Ba araha ce ta riƙe ni a shagon nan ba, domin akwai inda ya fi shi sauƙi a layin. Abin da ya riƙe ni shi ne idan kika ce a ba ki man gyaɗa, sai an tambaye ki: "Hajiya, wanne daga ciki?"

Tambayar nan ita ce darajar shagon. A Kano yanzu duk wani farin mai da ake suya da shi man gyaɗa muke ce masa, ko da kuwa ƙwayar gyaɗa ɗaya ba ta shiga cikinsa ba. Ki ɗauki jarkar King's ko Mamador ko Power Oil ki karanta abin da ke jiki. Kamfanonin ba su ɓoye komai ba, sun rubuta cewa daga kwakwar manja aka samo shi. Manja ne aka tace, aka cire masa ja da ƙamshi, aka ware ɓangaren da ya fi ruwa-ruwa aka ɗura. Grand da ake yi a Jos kuma na waken suya ne. Bakinmu ne ya haɗe su duka a suna ɗaya, kuma ban ga laifinmu sosai ba, tun da a gyaɗa garin nan ya tashi. Daga 1912 da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa daga Kano zuwa Legas, har zamanin dalar gyaɗa da su Alhassan Ɗantata suka shahara da ita, farin man da Bahaushe ya sani na gyaɗa ne. Sai farin rashin ruwan sama na farkon shekarun 1970 ya zo, annobar da ta tsumburar da gyaɗa a 1975 ta biyo baya, dala ta ɓace. Wasu mayukan suka cike gurbin, sunan kuwa ya tsaya inda yake.

Alhaji ya raba abin gida uku, kuma haka yake kiransu a gaban kowa. Akwai man ƙuli, akwai man gyaɗa na inji, akwai man jarka. Na taɓa ji yana ce wa yaronsa da ya miƙo wa wata man jarka bayan ta ce na gyaɗa take so: "Kai, suna linzami ne. Ka faɗa mata abin da ke hannunka, in ya so ta zaɓa."

Man ƙulinsa shi ne abin da zan fara yaba wa. Matan da ke kawo masa suna yinsa ne yadda aka gada: a soya gyaɗa, a murje ɓawon, a kai niƙa, a juye a turmi ana juyawa da taɓarya ana tarfa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya tsatso ya rabu da tunkuza. Sannan a mulmula tunkuzar a soya ƙuli-ƙuli a cikin man da ya fito daga jikinta. Shi ya sa launinsa ya fi duhu, ƙamshinsa kuma tun daga bakin kwalba yake dukan hanci. Wanda duk ya ci ɗan wake ko garau-garau ko gurasa bandashe da wannan mai, aka soya masa albasa a ciki, ya san ba a haɗa shi da man jarka. A irin waɗannan abinci mai ba abin suya ba ne kawai, shi ne ɗanɗanon. Na ƙuli na shagon nan ba ya da laka a gindin kwalba sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma ban taɓa jin warin ƙuna a cikinsa ba, wanda ke nuna masu yi ba sa barin wuta ta yi yawa lokacin suyar ƙulin. Gyaɗar da ta yi fumfuna a ajiya tana ɗauke da gubar da ke cutar da hanta, kuma ba a ganinta a cikin mai da ido. Don haka sanin hannun da ya matse man ya fi komai, shi kuwa matansa ƙalilan ne, ya san gidajensu.

Amma kada wata ta ji na yabi man ƙuli ta je ta cika kasko da shi don cincin. Yana kumfa idan suya ta yi tsawo, yana saurin ƙonewa, ƙamshinsa kuma yana danne na madara da bota har cincin ya koma kamar ƙuli mai sukari. Ga cincin da dubulan man jarka nake saya, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ba ya da wari, yana jure wuta, kayan suna fitowa fes, suna daɗewa a bokiti ba su canza ba. Na inji, wanda ake matsewa a ƙananan masana'antun Sharaɗa da Dakata, shi ne a tsakiya: gyaɗa ce ta gaske, an tace ta, ƙamshin bai kai na ƙuli ba. Da shi nake suyar dambun nama da ƙosai. Abin da nake nufi shi ne kowannensu da aikinsa, kuma mai girki ba za ta iya ba kowa aikinsa ba idan mai shago ya ɗura mata na jarka a kwalbar ruwa ya karɓi kuɗin na ƙuli. Wannan ha'incin ya zama ruwan dare a kasuwanninmu, har wasu kan tarfa na ƙuli kaɗan a saman na jarka don ƙamshi ya tashi idan an buɗe murfi.

Hunturu ne ke tona asiri. Idan sanyi ya sauka sosai a Kano, man da aka samo daga kwakwar manja yakan yi barci, ya yi fari-fari ya yi kauri a gindin galan. Na gyaɗa tsantsa ba ya yin haka a sanyin ɗaki. Barcin ba lalacewa ba ne, da an ɗora a wuta ya narke, amma yana gaya miki abin da kika saya. Man ƙulin shagon nan ya sha kwana a kicin ɗina cikin tsananin hunturu, da safe yana zuba kamar yadda na kawo shi.

Wani abin da ya burge ni shi ne Alhaji ba ya sayar da farin man duro wanda ba a san asalinsa ba. Duk man jarkarsa a rufe yake da hatimin kamfani, da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, da ɗan tambarin idon nan da ke nuna an sa bitamin A. Tun 2002 doka ta wajabta sa wannan bitamin a man girki na kamfani da sukari da fulawa a Najeriya. Idan kina son lita ɗaya kawai, a gabanki za a buɗe jarka a auna.

Shagon yana samun baƙi daga Maraɗi da Sakkwato, su kuma man gujiya suke cewa. A wajensu gujiya ita ce gyaɗa, alhali Bakano idan ya ji gujiya gurjiyar da ake dafawa a ci da gishiri yake tunawa, wadda su ke kira kwaruru. Yaran shagon sun saba, ba sa tsayawa kallon mutum.

A kan man shanu ne na fi ganin amfanin wannan dattijo, kuma a nan ne rikicin suna ya fi ɓata wa mata girki. Man shanu a asalinsa shi ne wanda matan Fulani ke kaɗa nono har ya taso, su kwashe su cura, abin da ya rage ya zama tsala. Wannan ɗanye ne, fari ko mai ɗan rawaya, da ruwa a jikinsa da ɗan tsami tun da daga nonon da ya kwana aka cire shi. Ba ya daɗewa. Idan aka ɗora shi a wuta ruwan ya ƙone, gasarar nonon ta kwanta a ƙasa aka tace, ya zama soyayye, wanda ke wata da watanni a kwalba ba firij. Shi ne ɗan'uwan wanda Larabawa da mutanen Sudan ke kira samin, wanda Indiyawa ke sayarwa a gwangwani. Mu kuma al'adarmu mu jefa albasa a ciki lokacin suya, don ƙamshin da ke tashi idan an tarfa a kan tuwo da miyar kuka.

Bota kuwa, yadda muke amfani da kalmar a kasuwa, ba ta haɗa hanya da saniya ba. Blue Band da Simas da sauran na bokiti man tsirrai ne aka haɗa da ruwa da gishiri da launi aka daskarar. Wani Bafaranshe ne ya ƙirƙiro irinta a 1869 don ta maye gurbin man shanu ga sojoji da masu ƙaramin ƙarfi. Ainihin botar Turawa wadda ake yi da madara tana nan a manyan kantuna cikin firij, kuma ita ce ta fi kusa da ɗanyen man shanunmu. To ga inda matsalar take. Yarinya ta kalli girki a waya an ce a sa bota, ta tambaya aka ce ai man shanu ke nan, ta sayo soyayye mai albasa ta zuba a kek. Wata kuma ta ga tsohuwar hanyar yin nakiya an ce man shanu, ta narka botar bokiti ta zuba, nakiyar ta fito da gishiri-gishiri ba ƙamshi, kafin a kai gidan amarya ta fara sauya wari saboda ruwan da ke cikin botar. Na ga duka biyun a hannun 'yan matan da nake koya wa sana'a, kuma abin yana ba ni takaici, don kayan da aka ɓata ba na banza ba ne.

Alhaji yana ajiye soyayyen man shanu iri biyu, mai albasa da marar albasa, kowanne da kwanonsa da ludayinsa. Ban san wani shago a layin da ke wannan ba. Marar albasar shi nake sa wa nakiya da alkaki, kuma shi nake zuba wa iyayen amarya a gara idan sun nemi na ajiya. Idan ya daskare yana yin tsaki-tsaki, idan an narka shi yana komawa garau kamar zuma. Wanda aka gauraya da kitse, da kin lasa za ki ji ya manne miki a ganɗa ya ƙi sauka. Wanda aka gauraya da bota kuma yakan yi tartsatsi a wuta ya bar farin ruwa a ƙasa. Alhaji yana barin mutum ya ɗanɗana kafin ya biya, har ma shi da kansa yake miƙo cokali. Farashin yana bin damina da rani: idan shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa nono ya yawaita, mai ya sauko, launinsa ma ya fi rawaya. Da rani yana tsada yana kuma wuyar samu, kuma a lokacin ne algus ke yawa a kasuwa. Na lura idan bai samu mai kyau ba gara ya ce babu.

Kitse da kakide ba ya sayarwa, layin mahauta yake tura mutum. Amma ko a nan ya kan tsaya ya bambance wa mai tambaya: kitse shi ne wanda ke jikin nama ɗanye, kakide kuma idan an narka shi ya huce ya daskare. Ko da daga saniya suke, ba su ne man shanu ba, kuma wannan shi ne gibin da masu algus ke bi su shiga.

Manjansa kuwa ba kullum nake gamsuwa ba. Mafi yawa daga ƙasar Igala a jihar Kogi ake kawo masa, wani lokaci daga Edo. Idan aka dace da sabon matsa, wajen watan Fabrairu zuwa Mayu da kwakwa ke nuna da yawa, manjan yana da kyau ƙwarai: ja mai haske a sama, mai kauri ruwan lemo a ƙasa, ƙamshi mai daɗi, alala da faten doya suna fitowa yadda ake so. Amma wajen ƙarshen shekara, lokacin da ya yi tsada, na sha samun wanda ke kartar maƙogwaro, alamar an bar kwakwar ta daɗe a tare kafin a dafa ta, ko man ya tsufa a duro. Na yi masa magana, ya karɓi galan ɗin ya canza mini ba musu, sai dai wanda ya ba ni ma bai kai na bazara ba. Abin da zan shaide shi da shi shi ne ban taɓa ganin alamar rini a manjansa ba. NAFDAC ta sha jan kunne a kan masu zuba jan sinadarin rini a manja don ya yi kyan gani, kuma sinadarin yana da haɗari ga lafiya. Manjan da ya yi ja jawur daga sama har ƙasa, bai rabu biyu ba ko ya kwana, ya bar jan da ba ya fita a tafin hannu, a guje shi ko a ina ne. Shawarata ga mai hali ta sayi manjan shekara a lokacin kakarsa ta rufe jarka da kyau ta ajiye a inuwa.

Itacen da ke ba da manja shi ke ba da alayyadi, sai dai manja daga tsokar 'ya'yan yake fita, alayyadi daga ƙwallon ciki. Baƙin alayyadin da ake soya ƙwallon a tukunya har mai ya tsatso na shafa ne da gyaran gashi, ba na miya ba. Man kwakwa kuma wani abu ne dabam, daga babbar kwakwar nan mai ruwa a ciki, wadda tsofaffi ke kira kwakwar Attagara. Tun da duka biyun kwakwa muke ce musu, an sha ba mutum wannan a madadin wancan. A shagon nan kwalaben a rabe suke, kuma yaro zai tambaye ki na ci ne ko na shafa.

Inda ya kamata a yi wannan tambayar kuma ba a yi ba shi ne man kaɗe. Mutanen birni sun mayar da shi man shafawa kawai, alhali a ƙauyukan da kaɗanya ta yawaita, irin na jihar Neja da Kwara da Kebbi, da arewacin Gana, da shi ake miya ana suyar ƙosai da waina tun kaka da kakanni. Masana'antun cakulan a Turai ma suna sayensa su haɗa a kayansu. Darajarsa ta kai a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗe na wata shida don a riƙa matse shi a gida. Na shagon Alhaji curi-curi ne a buɗe a faranti, ƙura na sauka a kai, da warin hayaƙi mai ƙarfi. Ga kaushin ƙafa da hunturu ya wadatar. Ga tukunya bai yi ba. Mutumin da ya iya raba man shanu gida biyu saboda albasa, ya kamata ya nemo man kaɗe mai tsabta na ci ya rufe shi a mazubi dabam. Na faɗa masa haka, ya ce: "Hajiya, masu nema ne babu." Ni kuwa ina ganin da za a gan shi a tsabtace da an nema, musamman yanzu da kuɗin kowane mai ya tashi.

Man riɗi yana da shi a ƙananan kwalabe, mai kyau ne, amma tsadarsa ta sa ba na girki da shi sai tarfawa a kwaɗon zogale. Riɗin da ake nomawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai yawancinsa waje ake fitar da shi, kaɗan ne ake matsewa a nan.

Sauran abin da ban ji daɗinsa ba shi ne mazubi. Kamar kowa a kasuwa, a tsofaffin gorunan ruwa ake ɗura man ƙuli da manja. Nasa a wanke suke, amma wasu ana jera su a bakin shago rana na dukansu tun hantsi, rana kuwa tana sa mai ya tsufa da wuri. Ki ce a ɗura miki daga na ciki, ko ki tafi da galan ɗinki busasshe. Mazurarin manja dabam yake, amma na ƙuli da na inji ɗaya ake amfani da shi, wanda bai dace da shagon da ke taƙama da rarrabewa ba. Wurin kuma a matse yake, mutum uku sun cika shi, ga masu baro suna wucewa. Ba a ciniki sosai, abin da ya faɗa shi ne, sai dai ya yi miki ihsani a awo idan kin sayi da yawa. Yana karɓar kuɗi ta waya. Ranar Juma'a yana rufewa kafin azahar, ba ya dawowa sai bayan la'asar.

Mai shirin biki ko Sallah ta sani cewa man shanu marar albasa shi ke fara ƙarewa, don kaɗan ake soyawa kuma masu nakiya sun san da shi. Ana ba da sallahu tun da sauran mako biyu, a bar kafin alƙalami, a faɗi adadin kwalaben da ake so, sannan a jaddada wa yaron cewa marar albasa ne don ya rubuta a littafi.